Suna Linzami: Tambayoyi da Amsoshi kan Laƙabin da Ake Liƙa wa Mai Shaye-shaye

Kusan kowace unguwa akwai matashin da aka manta da sunansa na yanka. Idan ya gifta ta gaban majalisa ba a cewa ga wane ɗan gidan malam wane, sai dai a ce ga ɗan ƙwayar nan. Ko ya yi shekara biyu rabonsa da ƙwaya, sunan na nan maƙale da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye, matan aure, malamai da su kansu masu fama da shaye-shaye suka fi yi idan aka taɓo maganar suna da warkewa.

Wane irin laƙabi ake magana a kai?

Irin su ɗan ƙwaya, mashayi, ɗan wiwi, ɗan sholisho, 'yar kodin, bugagge, lalatacce. A duba yadda Hausa take gina waɗannan kalmomi. Da "ɗan" muke faɗin asalin mutum ko sana'arsa: ɗan Kano, ɗan kasuwa, ɗan sanda. Idan aka ce ɗan ƙwaya, an mayar da ƙwaya garinsu ke nan, an kuma mayar da ita sana'arsa. Haka mashayi yake a sahu ɗaya da manomi, maƙeri da maɗinki, wato wanda aka sani da abu har abin ya zama shi. Wanda aka ce "yana shan ƙwaya" an faɗi abin da yake aikatawa, kuma aiki ana iya barinsa. Wanda aka ce masa ɗan ƙwaya an faɗi ko shi wane ne.

Laƙabin yana zuwa ta ƙofa uku. Akwai na bakin mutane, akwai wanda ake rubutawa a katin asibiti ko takardar 'yan sanda, sannan akwai wanda mutum yake faɗa wa kansa in ya kwanta da dare. Na ukun ya fi wuyar gogewa, kuma daga na farko da na biyu yake samun abinci.

Ai kalma ce kawai. Akwai shaidar cewa tana canza wani abu?

Akwai. A 2010 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, John Kelly, tare da abokiyar aikinsa Cassandra Westerhoff, suka ba ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 500 labarin wani mutum da ya saɓa umarnin kotu na daina shaye-shaye. Labarin iri ɗaya ne, kalma ɗaya tak suka sauya. Rabin mutanen sun karanta shi a matsayin mai ɓarna da ƙwaya, ɗaya rabin kuma a matsayin mai fama da cutar shan ƙwaya. Waɗanda suka karanta na farko sun fi karkata ga cewa laifinsa ne kuma hukunci ya dace da shi. Waɗannan fa ƙwararru ne da aikinsu ke nan, da yawansu masu digirin digirgir. In kalma ɗaya ta iya karkatar da su, sai a auna abin da za ta yi wa uban da ransa ya riga ya ɓaci.

A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan kalmar ta ɓarna daga kundin da take tantance cututtuka da shi. A 2017 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya shawarci 'yan jaridarsa su daina kiran mutum da sunan jarabarsa, su riƙa cewa mutum ne mai fama da ita.

Ta yaya suna zai hana mutum warkewa?

Da farko yana sa a ɓoye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani nau'in ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin biyar na masu shan abin ya kai masa matsayin cuta. Cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba. Dalilan da suka fi fitowa su ne tsadar jinya, ƙarancin wuraren jinyar, da tsoron ƙyama. Yaron da ya san ranar da aka gan shi a layin asibitin ƙwaƙwalwa sunansa ya canza har abada zai gwammace ya yi shiru, har sai tiramadol ya jefar da shi yana jijjiga a bakin titi. Iyaye ma haka suke yi don gudun abin da za a ce da gidan, musamman in akwai 'yan mata da ba su yi aure ba.

Na biyu, yana rufe ƙofofin da mutum zai bi ya fita. Mai shago ba ya ɗaukar ɗan ƙwaya, mai Keke Napep ba ya ba shi tuƙi, ba a ba shi mata, ba a aikensa da kuɗi. Da ya waiwaya sai ya ga mutanen da ke yi masa maraba su ne dai waɗanda ya baro a kango ko bayan makaranta, don haka can zai koma.

Na uku shi ne ya yarda. Ranar da mutum ya amince a ransa cewa shi lalatacce ne, ƙoƙari ya rasa ma'ana a wurinsa. Masana suna kiran wannan hali da "to me zai sa in gwada". Za ka gane shi a bakin mai shi: "Ni ai tawa ta ƙare," "Ku bar ni, haka Allah ya yi ni." Wanda yake faɗin haka ba taurin kai yake yi ba, maimaita abin da ya daɗe yana ji yake yi.

In ba a kunyata shi ba, yaya zai gane ya yi laifi?

Wannan ita ce tambayar da iyaye maza suka fi yi, kuma ba a raina ta, don daga ƙauna da tsoro take fitowa. Sai dai kunya iri biyu ce. Akwai nadamar aiki, inda mutum zai ce na yi abu mara kyau, na saci kuɗin mahaifiyata, dole in gyara. Akwai kuma jin ƙasƙanci, inda zai ce ni ba mutumin kirki ba ne. Nadama tana tura mutum ga gyara. Ƙasƙanci ciwo ne a rai, kuma mai shaye-shaye ya riga ya san abu ɗaya da ke kashe masa ciwon rai cikin minti talatin. Shi ya sa sau da yawa daren da aka tara dangi aka zazzage shi, a daren ne yake shan wadda ta fi ta kullum.

An gwada wannan a aikace. William Miller da abokan aikinsa a Jami'ar New Mexico sun nuna a 1993 cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara yake tsare mai shan giya da gardama da tuhuma, gwargwadon yadda shansa yake yawa bayan shekara guda. A 1999 kuma suka kwatanta hanyoyi uku da iyali ke bi don shawo kan wanda ya ƙi zuwa jinya. Hanyar da ake koya wa iyali su yaba duk ranar da bai sha ba, su daina rufa masa asirin ɓarnarsa, su kuma yi magana ba tare da zagi ba, ta kai kashi 64 cikin ɗari ga jinya. Hanyar tara dangi a tsare shi gaba da gaba ta kai kashi 30, ta ukun kuma, wadda ake ce wa iyali su janye su kula da kansu, kashi 13.

Barin laƙabi ba ya nufin barin gaskiya. Uwa za ta iya tsayawa a bakin ƙofa ta ce, "Jiya ka shigo ƙarfe biyu idonka ja, kuma dubu biyar ɗin da na ajiye a ƙarƙashin katifa babu su. Ba zan ƙara ba ka kuɗi a hannu ba. Abinci yana nan, kuma ranar Litinin zan raka ka asibiti in ka yarda." Ta faɗi duk abin da ya faru, ta kafa iyaka, ba ta ce masa ɓarawo ko ɗan ƙwaya ba. Irin wannan magana ta fi zagi nauyi, domin ba ta bar masa abin musu ba.

Me addini ya ce kan wannan?

Haramcin abin maye ba shi da ja. Amma a Suratul Hujurat, aya ta 11, an hana jifan juna da miyagun laƙubba. A cikin Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Wata rana wani daga cikin mutane ya la'ance shi yana mamakin yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana la'antarsa, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar, da mutane suka ce wa wanda aka hukunta Allah ya kunyata ka, sai ya ce kada su faɗi haka, kada su taimaki Shaiɗan a kansa. An zartar da hukuncin aikin, amma ba a yarda a kore mutumin daga cikin jama'a da baki ba. Malamin da zai yi huɗuba kan shaye-shaye ya tuna cewa a sahun da ke gabansa akwai masu sha, akwai iyayensu, kuma kalmar da ya zaɓa ce za ta sa wani ya tsaya bayan salla ya same shi, ko ya daina zuwa masallacin.

To me za a riƙa cewa?

A fara da sunansa. In dole a ambaci matsalar, a ce yana fama da shan tiramadol, ko tana jinyar dogaro da kodin. Wanda ya bari a ce ya yi wata takwas bai sha ba, ko yana murmurewa. In ya sake sha a ce ya sake sha, a faɗi rana da abin da ya sha. Ma'aikatan asibiti su guji cewa fitsarinsa ya fito da datti ko ya fito da tsabta, su ce an samu ƙwayar a gwajin ko ba a samu ba, domin wanda aka ce yau yana da tsabta an gaya masa cewa jiya ƙazami ne.

"Tubabbe" tana buƙatar lura. Kalma ce mai kyau a asalinta, amma in mutum ya shekara goma ana ce masa tubabben ɗan ƙwaya, laifin ne ake ta tuna masa da sunan yabo.

Sunan cutar da likita yake rubutawa, shi ba laƙabi ba ne?

Yana iya zama, in aka yi sakaci da shi. Amfaninsa shi ne yana faɗin abin da za a yi. Likita yana duba alamu 11 cikin wata 12 da suka wuce. Daga ciki akwai shan fiye da abin da aka yi niyya, yunƙurin bari ana kasawa, ɓata lokaci mai yawa wajen nema da sha da wartsakewa, matsananciyar sha'awar abin, gazawa a aiki ko makaranta ko gida, ci gaba da sha duk da rigimar da yake jawowa, barin abubuwan da aka saba so, buƙatar ƙarin adadi kafin a ji shi, da ciwon da ke tasowa in an daina. Alama 2 zuwa 3 matsala ce mai sauƙi, 4 zuwa 5 matsakaiciya, 6 zuwa sama mai tsanani. Ka ga ke nan ɗalibin da ya fara shan wiwi a ƙarshen mako da direban da ke haɗiyar tiramadol mai lamba 225 sau huɗu a yini ba jinya ɗaya suke buƙata ba, alhali unguwa suna ɗaya take kiransu da shi.

Tantancewar tana iya ceton rai. Mai shan kodin ko tiramadol in ya daina, cikin awa 8 zuwa 24 zai fara hamma, zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci, abin ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Yana da azaba, kuma akwai magungunan da ke sauƙaƙa shi. Amma wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam da rochi, ko giya mai yawa, daina sha kwatsam na iya jawo masa jijjiga da ruɗewa har da mutuwa, don haka a hankali likita yake rage masa, wani lokaci cikin makonni. Iyalin da suka ɗauki duk abin a matsayin iskanci suka kulle yaro a ɗaki don ya dawo hankalinsa ba su san wanne daga cikin biyun suke fuskanta ba.

Wani abin da ke hana mutane zuwa shi ne sunan wurin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, duk "asibitin mahaukata" ake ce musu a baki. Ita kanta dokar da ta daɗe tana aiki a Najeriya tun 1958 sunanta dokar hauka, sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta. In za a kai mutum, a gaya masa gaskiyar inda za a je da abin da za a yi masa: likita ne zai duba yadda zai daina ba tare da ya wahala ba. Kada a yaudare shi da cewa za a je gaishe da wani.

Amma a ƙungiyoyin masu murmurewa mutum da bakinsa yake cewa "ni mashayi ne". Wannan bai saɓa da abin da kuke faɗa ba?

Ƙungiyar AA ta masu barin giya da aka kafa a Amurka a 1935, da NA ta masu barin ƙwaya da ta biyo baya a 1953, suna da wannan al'ada, kuma ta taimaki mutane masu yawa. Bambancin yana ga wanda ya faɗa da inda ya faɗa. Mutumin da ya shekara yana musun cewa yana da matsala, ranar da ya furta a gaban waɗanda suka sha irin wahalarsa, ya sauke kaya ne, kuma amsar da zai samu maraba ce. In maƙwabci ya jefe shi da kalmar a gaban yara, korarsa ya yi.

Kuma ba sharaɗi ba ne. Wani babban bincike na 2017 a Amurka ya gano kusan kashi 9 cikin ɗari na manya, wato mutum sama da miliyan 22, sun taɓa samun babbar matsalar giya ko ƙwaya sun kuma rabu da ita, amma ƙasa da rabinsu ne suke kiran kansu masu murmurewa. Sauran sun ci gaba da rayuwarsu ne kawai. Don haka kada mai ba da shawara ya ce ba zai fara aiki da mutum ba sai ya amsa sunan. Tambayar da ta fi amfani ita ce me ƙwayar ta raba shi da shi, kuma me yake so ya dawo masa.

Ba a ce hali zanen dutse ba?

An ce, amma jarabar ƙwaya ba ta bin wannan karin maganar. A lokacin yaƙin Biyetnam kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka sun kamu da jarabar hodar heroin da danginta. Gwamnati ta tsorata da abin da zai faru in sun dawo gida. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu, ta tarar cikin waɗanda suka kamu kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka koma jarabar a shekarar farko, kusan kashi 12 cikin shekara uku. Sun bar wurin, sun bar abokan shan, sun koma inda aka san su a matsayin ɗan wane, mijin wance, ma'aikacin wuri kaza.

Wannan ba ya nufin abin da sauƙi. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi jinya sukan sake sha, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa. Ba wanda ke ce wa mai hawan jini ya ci amanar iyali don jininsa ya sake hawa, magani ake gyara masa. A wancan binciken na Amurka na 2017, rabin waɗanda suka rabu da matsalar sun yi hakan ne a yunƙuri na biyu ko ƙasa da haka, wasu kuma sai da suka yi ta faɗuwa suna tashi sau da yawa.

Ya yi wata shida bai sha ba, jiya ya sha. Me za mu yi?

Abu na farko lafiyarsa. Bayan wata shida jikinsa ya manta da adadin da ya saba, don haka abin da yake sha a da ya yi yawo yanzu zai iya tsayar masa da numfashi, musamman in ya haɗa kodin ko tiramadol da rochi ko giya. In kun ga numfashinsa ya yi ƙasa sosai, yana minshari mai nauyi ba ya farkawa in an girgiza shi, leɓɓansa sun canza launi, ku kwantar da shi a gefensa ku garzaya asibiti, ku faɗi ainihin abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin kodin da danginsa. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. Kada kuma a bar shi shi kaɗai a ɗaki wai ya yi barci ya wartsake.

In ya wartsake, kalmomin awa 24 na farko suna da nauyi ƙwarai. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alan Marlatt, ya bayyana yadda sha ɗaya yake zama komawa gaba ɗaya: mutum ya ce a ransa tunda na karya, ashe dai ni ɗin nan ne, sai ya saki jiki. In gida suka tarbe shi da "dama mun sani", sun sa hannu a wannan hukuncin. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ina ya je, da wa, me ya faru kafin nan, kuɗin daga ina. Sau da yawa za a tarar da abu takamaimai: biki, faɗa da mata, kuɗi masu yawa da suka shigo hannu lokaci ɗaya, ko ciwon baya bayan aikin ƙarfi. A koma wurin likita ko mai ba da shawara cikin makon, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Wata shidan nan kuma ba su ɓace ba, a faɗa masa haka da baki.

Shin abin ya fi yi wa mata nauyi?

Ƙwarai. Wancan binciken na Najeriya ya nuna ɗaya cikin huɗu na masu amfani da ƙwaya mace ce, amma a wuraren jinya ba su kai kusa da haka ba. Namiji in an ce ɗan ƙwaya ne an tsaya nan. Mace in an ce 'yar kodin ce, sai a haɗa mata da zargin lalata, a taɓa aurenta, a taɓa 'ya'yanta da ƙannenta. Bayan rahoton BBC na 2018 kan kodin, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun shekarar, an yi ta maganar matan aure da 'yan mata, amma yawancinta ta tsaya ga Allah wadai. Macen da ke sha a ɗaka tana buƙatar a tambaye ta abin da take gudu, ko baƙin cikin bayan haihuwa ne, ko duka, ko kaɗaici, ko rashin barci. A nema mata ma'aikaciyar lafiya mace in ta fi sakewa da ita, a tanadi mai riƙe mata yara ranar asibiti, kuma kada maganar ta wuce mutum biyu ko uku da ita ta zaɓa.

Gidan mari fa?

Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu ne don ba su ga wata hanya ba. Amma a Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, sannan aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Mari yana hana mutum kai wa ga ƙwaya na ɗan lokaci, ba ya koya masa yadda zai zauna ba ita in an kwance shi. Yana fitowa da tabo a idon sawu da sabon suna, kangararre, ga kuma jikin da ya manta adadin da ya saba sha. Duk inda za a kai mutum a tambaya ko akwai likita ko nas, ko ana barin iyali su gan shi, ko ana duka ko ɗauri, da kuma shirin da aka yi masa na bayan sallama.

Masu sikila suna cewa ana yi musu kallon 'yan ƙwaya a asibiti. Gaskiya ne?

Yana faruwa. Mai sikila da ya san sunan allurar da ke yi masa aiki, ya kuma dawo sau uku a wata, sai a fara raɗa cewa allura yake nema. Wasu kan kamu da dogaro da allurar rage ciwo ta fentazosin, wannan gaskiya ne, amma ciwon sikila in ya tashi yana daga cikin mafi tsanani da ɗan Adam ke ji. Wanda aka hana magani saboda zargi yakan koma kemis ya riƙa yi wa kansa allura, daga nan gyambo da ainihin dogaron suke farawa. Maganin wannan shi ne rubutaccen tsarin rage ciwo daga likitan da ke bibiyarsa, wanda zai riƙa nunawa duk inda ya je.

In an cire tsohon sunan, da me za a maye gurbinsa?

Nan ne aikin yake. Suna ba ya gogewa don an daina faɗinsa kawai, sai wani ya hau kansa, kuma sabon suna daga abin da mutum yake yi kullum yake fitowa. Wanda ya dawo daga jinya aka ajiye shi a ɗaki ana gadinsa, ba aiki ba aike, har yanzu mai jinya ne a idon kowa da idon kansa.

Tun kafin a sallamo shi a nema masa inda zai riƙa zuwa da safe, ko gareji, ko shagon ɗinki, ko gona, ko komawa makaranta, a kuma sami mutum ɗaya a wurin da ya san halin da ake ciki. A mayar masa da amana kaɗan-kaɗan yadda za a iya aunawa: makon farko cefanen dubu biyu ya kawo canji, bayan wata guda kai ƙanne makaranta, bayan wata uku mabuɗin shago na rabin yini. In ya cika a faɗa a gaban mutane, in ya gaza a koma matakin baya ba tare da gori ba. A sauya layin waya, domin lambobin dillalai da abokan sha suna cikin tsohon. A lura da lokacin da ya saba sha, wanda ga mutane da yawa tsakanin la'asar da isha ne, a cike shi da wani abu tare da mutane, ko ƙwallo ko karatu ko zaman shago. Wata ukun farko su ne mafi haɗari. A ma'aunin likitoci, wanda ya yi wata 3 ba alamun cutar ya shiga matakin farko na lafawa, wanda ya cika wata 12 kuma ya shiga lafawa mai ɗorewa.

A cikin gida a sami babba ɗaya da zai tsawatar in wani ya jefa tsohon sunan, ko da wasa ne. Abokan wasa da ƙanne su ne suka fi yi, kuma ranar da cokali ya ɓata kada idon kowa ya fara sauka a kansa.

In an zo binciken aure ko neman aiki, a faɗa ko a ɓoye?

Wajen aiki, tarihin jinya sirrin mai shi ne, ba dole ya bayyana ba sai in aikin ya ƙunshi gwajin ƙwaya ko riƙe magunguna ko tuƙi. In akwai gwaji, ya san cewa yawancin ƙwayoyi suna barin fitsari cikin kwana 2 zuwa 4, wiwi kuwa ga wanda ya daɗe yana sha tana iya kai wata guda, kuma ya faɗi duk maganin da likita ya rubuta masa kafin a ɗauki fitsarin.

Aure daban ne, domin wadda za ta zauna da shi tana da haƙƙin sani, kuma a unguwa abin ba ya ɓoyuwa. Gara ta ji daga bakinsa kafin a kai kuɗin gaisuwa da ta ji daga bakin wata a gidan biki. Ya faɗi abin da ya sha, tsawon lokacin, ranar da ya daina, inda ya yi jinya, da abin da yake yi yanzu don kada ya koma. Wanda aka zo tambaya a matsayin maƙwabci ko limamin unguwa shi ma amana ce a wuyansa ta ɓangare biyu. In ya ce "ɗan ƙwaya ne" ya ba da labarin shekara uku da suka wuce kamar na yau, in ya ce "ba shi da wata matsala" ya ɓoye abin da aka zo nema. Abin da zai faɗa shi ne abin da ya gani da idonsa: ya yi fama da shan tiramadol, ya yi jinya, shekara biyu ke nan ban ga alama ba, yana buɗe shagonsa ƙarfe takwas, ku kuma tambayi ubangidansa a kasuwa.